Keken lantarki mai bolt 48 a kasuwar Sakkwato: keke ne ko babur?

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, duk mai zirga-zirga daga Mabera ko Arkilla zuwa cikin gari, da ma'aikacin da kullum sai ya je Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya dawo, ya san yadda tankin babur ke lashe albashi. A wannan gaɓar keken lantarki ya samu shiga. Wanda muke dubawa a nan shi ne samfurin da ake yawan gani a shagunan masu sayar da babura: ƙirar ƙasar Sin, mai ƙananan tayoyi inci 14, da wurin ɗora ƙafa a tsakiya irin na roba-roba, da ɗan sirdi na biyu a baya. Injinsa na cikin tayar baya, an rubuta 500W a jikinsa. A ƙarƙashin sirdi akwai batir huɗu na dalma, kowanne bolt 12, 20Ah (Ah ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ne), an haɗa su a jere sun ba da bolt 48. Yana da totur a hannun dama, da fitila, da sigina, da ham. Sai kuma feda biyu.

A taƙaice, abin hawa ne mai amfani ga wanda tafiyarsa ba ta wuce cikin gari ba, kuma kuɗin cajinsa bai kai a yi maganarsa ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne maganar da ake haɗa shi da ita a bakin shago: "Alhaji, wanga keke na. Ba ruwanka da lamba, ba ruwanka da lasisi, ko yaro na iya hawa." Wannan magana ce ke jefa mai saye cikin matsala, don haka da ita za mu fara.

Durƙusa ka dubi fedar. Hannunta gajere ne, bai kai rabin na keken hawa na gaske ba, kuma an dasa ta can baya da sirdi, inda ƙafa ba ta samun ƙarfin takawa. Sarƙar siririya ce, giya ɗaya, a wasu ma za ka tarar da fedar a ɗaure cikin leda a ƙarƙashin sirdi, ba a ɗaura ta ba. Kashe makulli ka gwada tuƙa shi da ƙafa daga bakin shago zuwa ƙarshen layi. Batiran kaɗai sun kai kilo 26 zuwa 28, domin kowane ɗaya yana tsakanin kilo shida da rabi zuwa bakwai, ga nauyin ƙarfe da inji a kai. Kafin ka yi mita ɗari biyu ka jiƙe da gumi. Wannan fedar ba don takawa aka sa ta ba. An sa ta ne domin a ƙasashen da ake ƙera irin waɗannan kekuna ko ake kai su, feda na cikin sharuɗɗan da ke raba keke da babur a takarda.

To amma feda sharaɗi ɗaya ce kawai daga cikin sharuɗɗan. A Tarayyar Turai, dokarsu mai lamba 168 ta 2013 ta ce abin da za a bari ya bi hanya a matsayin keke shi ne wanda ƙarfin injinsa na yau da kullum bai wuce wat 250 ba, injin yana taimakawa ne kawai lokacin da mahayi ke taka feda, kuma yana janye taimakon kafin a kai kilomita 25 a awa. Ka daina takawa, inji ya tsaya. Iyakar abin da aka yarda inji ya yi shi kaɗai shi ne tafiyar kilomita 6 a awa, don tura keke a hawa. Wanda ya haura haka har zuwa kilomita 45 a awa ya shiga ajin ƙananan babura, sai da lamba da inshora. Birtaniya ma wat 250 ne da kilomita 25 a awa, ta ƙara da cewa mahayi ya kai shekara 14. Indiya ta ɗauke wa mai wat 250 da kilomita 25 rajista da lasisi.

Ƙasar Sin, inda keken ya fito, ta fi sassauci a inji amma ta fi tsanani a nauyi. Ƙa'idarta da ta fara aiki a watan Afrilun 2019 ta ce kada inji ya wuce wat 400, kada batir ya wuce bolt 48, kada gudu ya wuce kilomita 25 a awa, kada nauyi tare da batir ya wuce kilo 55, kuma dole a samu feda mai aiki. Sabuwar ƙa'idar da ta fara aiki a watan Satumban 2025 ta ɗaga nauyin mai batirin dalma zuwa kilo 63, ta sassauta batun feda, amma ta bar wat 400 da kilomita 25 yadda suke. Amurka ce ta fi kowa buɗe ƙofa: dokar tarayya ta 2002 ta yarda da inji ƙasa da wat 750, da gudun da bai kai kilomita 32 a awa ba idan inji ne kaɗai ke turawa, da feda mai cikakken aiki. Jihohi da dama a can sun kasa su aji uku, na uku yana kai kilomita 45 a awa amma sai da takawa.

Ɗora kekenmu a kan waɗannan ma'aunai. Wat 500 kaɗai ya fitar da shi daga sahun keke a Turai da Birtaniya da Indiya, har da ƙasar da ta ƙera shi. A Amurka zai iya tsira, idan gudunsa bai kai kilomita 32 ba. Nan ma akwai magana.

Buɗe murfin da ke ƙarƙashin sirdi za ka ga kwantirola, wadda ke sarrafa wutar da ke zuwa inji daga batir, wani ɗan akwatin alminiyam mai tsagi-tsagi, wayoyi sun fito daga gefe guda kamar gashin masara. Manya uku, rawaya da kore da shuɗi, su ke kai wuta ga inji. Ƙanana biyar a soket ɗaya na na'urorin da ke gaya wa kwantirola inda inji yake a juyawarsa ne. A cikin sauran akwai wasu siraran wayoyi biyu masu launi ɗaya, galibi fari ko toka-toka, da ake soka ɗaya cikin ɗaya. Wannan ita ce wayar taƙaita gudu. In tana haɗe, keken ba ya wuce kilomita 25. In an zare ta, irin wannan inji a bolt 48 yana kai kilomita 35 zuwa 40 da mutum ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar kwalta. A wasu sababbin samfura babu wayar, ana buɗe gudun ne ta riƙe birki da totur lokacin kunna makulli. Sau da yawa kafin keken ya iso hannunka an riga an buɗe shi, domin mai saye na son ya ji yana fizga. Kada ka dogara da allon da ke kan keken, yawancinsu suna ƙara lamba. Buɗe manhajar taswira a wayarka, ka sa wayar a aljihu, ka yi gudu ɗaya a hanyar da ba cunkoso, sannan ka duba mafi girman gudun da ta rubuta.

Ita kanta 500W ɗin da aka rubuta ba ita ce iyakar ƙarfinsa ba. Dubi takardar da ke manne a jikin kwantirola, za ka ga iyakar amfiya, wato iyakar yawan wutar da take barin inji ya ja. In an rubuta 22A, ninka da bolt 48, ka samu wat 1,056. Wannan ne abin da yake ja lokacin tashi ko hawa tudu. Ba ha'inci ba ne, haka injinan lantarki suke, ana rubuta ƙarfin da za su jure tsawon lokaci ne. Amma ya kamata uba ya san abin da ke ƙarƙashin ɗansa ɗan shekara goma sha biyu idan ya miƙa masa makulli.

Yanzu mu dawo gida. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta 2007, da ƙa'idojin hanya na ƙasa na 2012, an rubuta su tun kafin waɗannan kekuna su shigo kasuwarmu. Babu layin wat 250 ko kilomita 25 a cikinsu da za ka tsaya a bayansa ka ce kai mai keke ne. Abin da ke ciki shi ne ma'anar abin hawa mai inji: wanda inji ke turawa, aka ƙera shi ko aka gyara shi don hawa hanya. Ba a ce injin fetur ba. Abin da za ka murɗa wa totur ya ɗauke ka ƙafafunka na hutawa a kan faranti, inji ne ke tura shi, ko da feda goma aka liƙa masa. Mai keken da sai an taka feda injin ke taimakawa yana da hujja mai ƙarfi ta cewa nasa keke ne. Mai wannan samfurin ba shi da ita.

Gaskiya ne yau za ka iya wucewa ta gaban jami'an hanya a shataletale babu wanda zai ɗaga maka hannu, domin ba ya ƙara, kuma ido bai saba ɗaukarsa a matsayin babur ba. Tarar ma ba ita ce abin tsoro ba. A jadawalin dokar 2007, hawa babur babu hular kwano naira 2,000 ne, laifin lamba naira 3,000, laifin lasisin tuƙi naira 10,000. Ranar da maganar ke tashi ita ce ranar da tsautsayi ya gitta: ka buge yaro a bakin makaranta, ko ka goge wa mai mota ƙofa, aka je ofishin 'yan sanda. A ranar ba wanda zai tambayi abin da mai shago ya gaya maka. Za a tambayi lamba, da lasisi, da inshora, da shekarun wanda ke kai. Haka nan duk lokacin da gwamnati ta sa dokar taƙaita zirga-zirgar babura saboda tsaro, kamar yadda aka yi a jihar nan a 2021, jami'in da ke shingen bincike da dare ba zai tsaya neman feda ba.

Shawararmu ita ce ka saye shi a matsayin ƙaramin babur, ka yi masa abin da ake yi wa babur. Tun a shago ka sa a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar shasi da lambar inji. Ta shasi tana a wuyan keken ko a ƙarƙashin farantin ƙafa, ta inji kuma an buga ta a gefen murfin tayar baya. Ka karanta su da idonka ka gwada da abin da aka rubuta. Ka nemi kwafin takardar kwastan, musamman da yake muna kusa da iyakar Illela, kaya na shigowa ta hanyoyi daban-daban. Da waɗannan za ka je ofishin lasisin ababen hawa na jiha, jami'an VIO su duba shi, a ba ka lamba. Inshorar kare wanda ka yi wa ɓarna, a farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa tun Janairun 2023, naira 3,000 ce a shekara ga babur, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan ɗaya. Lasisin babur aji A ne, kuma sai wanda ya cika shekara 18.

Lambar shasin nan ma tana iya gaya maka yadda masana'anta ta ɗauki abin da ta ƙera. A tsarin ƙasar Sin, keken lantarki yana da lamba mai alƙaluma 15, sunan samfurinsa kuma yakan fara da TD, kamar TDT. Babur na lantarki yana da lamba mai gurbi 17, haruffa da alƙaluma a haɗe kamar ta mota, kuma za ka ga DQT ko DT a sunan samfurin. Ba kowane wanda aka ƙera don fitarwa waje ke bin wannan tsari ba, amma in ka ga gurbi 17, masana'antar da kanta ta riga ta ce babur ne.

Mu koma ga aikinsa, domin ba don takarda kaɗai ake sayen abin hawa ba.

Bolt 48 sau 20Ah ya ba da wat-awa 960, wato ƙasa kaɗan da yunit ɗaya na wuta. Da asarar da caja ke yi, cika shi daga ƙasa yana cin kamar yunit 1.2. Ko a layin da ya fi tsada, inda yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, caji ɗaya bai kai naira 300 ba. A nan babu babur ɗin fetur da zai kama ƙafarsa. Babu bakin mai, babu fulogi, babu kafireto, babu layin gidan mai.

Nisan tafiya kuwa sai an yi lissafi da gaskiya. Batirin dalma ba ya ba da duk abin da aka rubuta a jikinsa idan ana jan wuta da ƙarfi, kuma kwantirola na yanke wuta da zarar ya sauka wajen bolt 42. Abin da za ka amfana da shi bai wuce wat-awa 700 zuwa 750 ba. Irin wannan keke da mutum ɗaya matsakaici yana cin wat-awa 15 zuwa 20 a kowace kilomita. Raba ka gani: kilomita 35 zuwa 50 da sabon batir. In aka ce maka zai yi sittin ko saba'in, wannan lissafin mahayi mara nauyi ne, a gudun kilomita 20, a hanya mai santsi, babu iska. Ɗauki mutum na biyu, ko ka zare wayar taƙaita gudu ka riƙa murɗe totur har ƙarshe, sai ka sauko ƙasa da talatin. Iska na cin wuta fiye da yadda ake zato, kuma yawan abin da take ci yana hauhawa da sauri idan gudu ya ƙaru. Wanda ya bar wayar nan a haɗe ya ci riba biyu, batirinsa ya fi nisa, kuma ya fi kusa da abin da za a kira keke.

Babban abokin gabar wannan keke a Sakkwato shi ne zafi. Ana auna rayuwar batirin dalma ne a ma'aunin zafi 25, kuma ƙa'idar da masu batir suka sani ita ce duk ƙarin digiri takwas zuwa goma yana rage rayuwarsa da rabi. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin baƙin sirdi da aka bari a rana tun hantsi har la'asar. Batirin da zai yi shekara biyu a ƙasa mai sanyi, a nan ka sa rai da ƙasa da haka, kuma sauya su huɗun shi ne kuɗi mafi girma da za ka kashe bayan saye. Ka sa wannan a lissafi tun farko.

Abin da ke kashe shi da wuri sanannen abu ne. Mutum ya dawo da rana tsaka, batir da zafi, ya soka caja nan take. Zafin caji ya hau kan zafin hanya. Batirin da ya yi zafi yana ci gaba da karɓar wuta fiye da kima, cajar ba ta ganin alamar cika, fitilarta ta ƙi komawa kore, ta yi ta ɗura wuta har ruwan cikin batirin ya ƙafe, jikinsa ya kumbura kamar burodi. In ya kumbura ya gama aiki. Maganin shi ne ka bar keken ya huce a inuwa na rabin awa zuwa awa ɗaya kafin caji, ka yi cajin da dare ko da sassafe a zaure ko rumfa mai iska, ba cikin ɗakin kwana ba, domin batirin dalma na fitar da iskar da ke kama wuta. Cajar wannan samfurin tana ba da wajen bolt 59 da amfiya uku, tana cika shi cikin awa bakwai zuwa takwas. In ta haura awa goma ba ta koma kore ba, ka taɓa batiran ka ji zafi, zare ta. Kuskure na biyu shi ne akasin wannan: a bar shi babu caji kwana da kwanaki saboda ba wuta ko an yi tafiya. Batirin dalma da ya kwana a ƙasa yana yin wani farin gishiri a farantansa, ƙarfinsa ya ragu, kuma ba ya dawowa duka. Ka caja shi a ranar da ka hau, in kuma za ka ajiye shi, ka cika shi, ka riƙa ƙara masa duk bayan mako biyu ko uku.

Da yake wutar gari ba ta da tabbas, da yawa za su koma ga sola. Cajar na jan wajen wat 200, don haka ƙaramin inbata na ɗaukarta, amma ka yi cajin da rana lokacin da faranti ke ba da wuta. In ka bari sai dare, yunit ɗaya da ɗoriya zai fito ne daga batirin gida, fankarka ta mutu kafin asuba.

Kada ka ari cajar maƙwabci don ka ga bakinta ya shiga. Soket ɗin iri ɗaya ne da na wayar kwamfuta, amma kamfanoni na juya ƙafar wuta, abin da yake mai kyau a wannan shi ne mara kyau a wancan. Sannan cajar batirin lithiyam mai bolt 48 tana tsayawa ne a 54.6, ta dalma kuwa tana kai 59. Ta lithiyam ba za ta cika dalma ba, ta dalma kuma a kan lithiyam hanyar gobara ce. Kada kuma ka riƙa yawo da caja a ƙarƙashin sirdi, girgizar hanya na karya dalmar da ke riƙe da kayan cikinta. Lokacin hunturu ka riƙa hure ƙurar da ke toshe 'yar fankarta.

Kafin ka biya, ka je da mitar awon bolt ko da bakaniken da ke da ita. A saman kowane batir akwai ranar ƙira da aka zana, in ta haura wata shida yana zaune a sito ka nemi wani. Batir cikakke da ya huta yana nuna wajen bolt 13. Su huɗun su zo kusa da juna. In ɗaya ya yi ƙasa da sauran da 0.3 ko fiye, shi zai fara mutuwa, ya ja sauran. Saboda wannan dalilin ne ba a sauya ɗaya a bar uku tsofaffi.

Birki shi ne inda muka fi rage masa maki. Gaba da baya duk na ganga ne, ƙanana, masu waya, an yi su ne don gudun kilomita 25. Ƙarfin da birki zai kashe a gudun 40 ya ninka na 25 sau biyu da rabi. Ga nauyin batir, ga mutum biyu, ga ƙaramar taya da ba ta da faɗin kama ƙasa. Ƙari a kan haka ba ya ƙara, mai tafiya a ƙasa ba ya jin zuwanka, ɗan kabu-kabun da ke gabanka ma bai san kana bayansa ba sai ya karya kai. Yatsanka ya zauna kusa da ham. In akwai samfurin da ke da birkin faranti a gaba, ƙarin kuɗin ya cancanta.

Tayar inci 14 tana da daɗi a kwalta, amma a lungunan da yashi ya kwanta tana nutsewa, kan keken ya riƙa kaɗawa, injin ya ja wuta mai yawa yana zafi. Ramin da babur zai haye ba ka ji ba, a nan sai ka ji shi a ƙugu, domin shakazobar baya ta yi tauri. Da damina yayyafi ba ya masa komai, amma kada ka shiga ruwan da ya kai tsakiyar taya. Ruwa na bin inda waya ta shiga inji, ya kwanta a ciki, bayan makonni ka ji yana gurnani yana fizga.

Wurin da wayar ta shiga ɗin nan shi ne kuma inda aka fi yi masa lahani a wajen faci. Wayar inji ta ratsa ta cikin ƙarfen da taya ke juyawa a kai. Mai facin da bai saba ba yakan kwance noti ya ja tayar kamar ta babur, ya tsinke siraran wayoyin ciki. Tayar ba ta da tib, don haka yawancin huji ana toshe shi tana ɗaure. In dole sai an cire, a fara zare soket daga kwantirola. Wajen mayarwa a tabbata an mayar da washar nan, wato ɗan zoben ƙarfe mai harshe, da ke hana ƙarfen juyawa, a ɗaure noti tam. In ya yi sako-sako, ƙarfen zai juya da ƙarfin inji, ya nannaɗe wayar ya yanke ta, wani lokaci ya ƙone kwantirola tare. Ka riƙa gwada notin nan da sifana duk wata.

In ka kunna makulli, fitila ta kama, ka murɗa totur bai motsa ba, kada ka yarda a fara da cewa inji ya mutu. A kowane hannun birki akwai ɗan makunni da ke yanke wutar inji idan an kama birki. Ƙura na sa shi ya maƙale, sai kwantirola ta ɗauka kana kan birki. Zare soket ɗinsa ka gwada, sau da yawa nan matsalar take. Bayan shi sai totur: waya uku ne, wadda ke kai saƙo ga kwantirola tana ba da wajen bolt 0.8 a sake, ta haura zuwa wajen 4.2 in an murɗe. In mita ba ta nuna haka ba, totur ne, kuma ba shi da tsada. In kuwa yana tashi da karkarwa sai ka tura shi da ƙafa, to ɗaya daga cikin na'urorin nan masu waya biyar ce ta ƙone. Kanikawan babur da yawa ba su riga sun saba da wannan ba, mai gyaran inbata ko fanka mai caji ya fi saurin gane shi. Shi ya sa tambayar da za ka yi wa mai shago kafin ta farashi ita ce ko yana da kwantirola da totur da caja na wannan samfurin a ajiye, da kuma garantin wata nawa zai rubuta maka a kan batir.

Wa ya dace da shi? Malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, mai shago a kasuwa, duk wanda tafiyarsa ta yini, zuwa da dawowa, ba ta wuce kilomita 25 ba, a kan kwalta, kuma yana da inuwar ajiya da wurin caji. Bai dace da kabu-kabu ba, ko ɗaukar buhu, ko zuwa ƙauye. Wanda kuma abin da yake nema shi ne keke na gaske, wanda zai ba ɗansa ya je makaranta ba tare da maganar lamba ba, ya nemi mai manyan tayoyi inci 26, mai wat 250, marar totur, wanda sai an taka yake taimakawa, in batir ya ƙare a taka shi a dawo gida. Ya fi wuyar samu a shagunan garin nan, sau da yawa sai an yi odarsa, kuma batirinsa na lithiyam ne, wanda ba a cajinsa idan zafinsa ya haura digiri 45.